Sai Bayan Zaɓe: Abin da Littafin Bashin Kawuna Ya Nuna

Tun 2004 nake riƙe wa kawuna littafin lissafi. Yayan mahaifiyata ne, Ba'adare, ɗan kasuwar albasa mazaunin birnin Tahoua. Ya yi konseye, wato kansila, a komin (ƙaramar hukuma) ɗin garinsu, ya yi kusan shekara 10 a majalisar jiha, ya nemi kujerar depite, wato ɗan majalisar dokoki ta ƙasa, bai samu ba. Ba zan faɗi sunansa ba, haka ma jam'iyyarsa, don yana raye, waɗanda suka ci kuɗinsa ma suna raye, kuma sahu ɗaya muke tsayawa da su ranar Juma'a. Alhaji zan kira shi a nan kamar yadda gari ke kiransa. Ni Kawu nake ce masa, shi kuma Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin boko daga Faransanci, tun ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, rabi girmamawa rabi zolaya.

In ka zauna a kowace fada ta unguwarmu aka ɗauko zancensa, hukuncin guda ne: kamfe ya cinye Alhaji. Atamfa, babura, buhunan shinkafa da sukari, maroƙa, man motoci. Duk an yi, ni na rubuta su. Amma da na zauna na haɗa jimlar littattafan shekara 20, sai na tarar kuɗin kamfe gaba ɗaya bai kai rabin abin da ya taru a wani layi guda da na ja da hannuna a gefen shafi ba, wanda na sa wa suna "sai bayan zaɓe". Labarin wannan layi nake so in bayar. Kafin nan sai an san yadda mutumin ya tara abin da ya tara.

Alhaji allo kawai ya yi. Yana saurayi aka shiga yunwar 1984, wadda mutane da yawa a Nijar ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta yi a Najeriya. Gero bai yi ba, hanyar Ƙonni zuwa Illela kuma a toshe, sai ya bi sahun Adarawa ya tafi cirani Abijan. A kasuwar Ajame ya fara da dako, yana sauke buhunan albasar da aka ɗauko daga ƙasarsu, ya koma tura amalanke, daga baya matan da ke sarin albasa suka fara aikensa karɓar kuɗi saboda ba ya taɓa ko dala. Can ya koyi Julanci da Faransancin kasuwa, irin wanda ya isa a yi ciniki a yi faɗa amma bai isa a karanta takarda ba. Jarin da ya dawo da shi gida sunayen matan nan ne da yardarsu.

Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Ma'aikata sun yi kuka, amma ga mai kai albasar Galmi bakin teku arziki ne ya faɗo, domin albasar Holan da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Abijan ta yi tsada dare ɗaya. A shekarun nan ya sayi tirelarsa ta farko. Zuwa lokacin da na karɓi littafi yana da uku, ga ɗakunan ajiya, ga yara a tashoshin Galmi da Madawa.

Tirela kowa na ganinta, shi ya sa ake zaton ita ce dukiyar. Asalin dukiyar tana cikin garake, a hannun manoma. Mai noman albasa a fadamun Magiya ko Tarka ko bakin tabkin Tabalak yana buƙatar kuɗi tun wajen Oktoba: iri, taki, esansin (fetur ɗin) injin ban-ruwa, ladan masu dashe a Nuwamba da Disamba. Albasa kuwa ba ta fitowa sai Maris da Afrilu. Alhaji ke cike wannan rata. Ya ba ka kuɗi ko kaya, in an yi tono ka biya shi da buhu a kan kuɗin ranar, wato lokacin da albasa ta fi araha a duk shekara. Shi kuma ya loda wata zuwa Abijan, wata ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ta jira bayan damina, sa'ad da buhu ke ninka kuɗinsa har sau uku ko fiye. Wani kaso zai ruɓe, ya san da haka, yana cikin lissafi. Ba na cewa tsarin adalci ne tsantsa. Manomi ke shan rana, ɗan kasuwa ke shan romo, kuma na sha faɗa masa haka yana dariya. Sai dai tsari ne da ke juyawa, kuma abin da ke juya shi guda ne: kowa ya san in bai biya ba, baɗi ba zai samu ba. Babu takarda, babu sa hannu. Dillali ne shaida, wani lokaci liman. In mutum ya yi taurin bashi, yaron Alhaji ya je da babur ya zauna a ƙofar gidansa tun hantsi har maƙwabta su gani. In abin ya ƙi, a kai gaban maigari a ɗauke injin ban-ruwa. Sau biyu kawai na ji an kai ga ɗauke inji, kuma sau biyun nan sun ishi fadama guda darasi na shekaru.

Ranar 24 ga Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a komin 265 na ƙasar. Abu ne sabo ga mutanen karkara, kuma jam'iyyu na neman waɗanda ke da jama'a a ƙauyuka. Malamin lakwal yana da baki, ɗan sarki yana da gida, amma mai ba da bashin albasa yana da sunan kowane magidanci a rubuce, ya san gonarsa, ya san ɗiyansa nawa. Bayan sallar isha'i mutanen wata jam'iyya suka zo, su biyar, da ƙullin goro. Ina tsakar gida ina jin babbansu yana cewa, "Alhaji, mutane naka na, mu alama ɗai munka kawo."

Kada a ɗauka jan shi aka yi yana turjewa. Yana so. Komin ce za ta riƙa karɓar harajin buhu, ita za ta ce ga inda tasha za ta zauna, kuma ya gwammace yana cikin ɗaki a yanke da a yanke a aiko masa. Ga kuma zancen hanya. Daga Ƙonni zuwa Dosso, zuwa Yamai, a bi Torodi a shiga Burkina, a wuce Wagadugu da Bobo kafin a kai Abijan, shinge ba ya ƙirguwa, kuma tirelar albasa in ta kwana uku a tsaye cikin zafin Afrilu ruwa take fara ɗiga. Ya ga wani abokin hamayyarsa mai katin jam'iyya yana buga waya ɗaya a ɗaga masa sanda. Dalili na uku bai taɓa faɗinsa da baki ba, amma ni na san shi: wanda ya yi dako a Ajame yana so wata rana a ajiye masa kujera a cikin rumfa.

Hajiya uwargida ce kaɗai ta ja. Ta ce, "Alhaji, kai da anka saba zo ma da buhu, yanzu kai za ka tahi ƙohwar mutane roƙo? Wanda ka roƙa da sahe, da wane baki za ka bi shi bashi da marece?" Ya ce mata harkar maza ce. Na tuna maganar nan sau da yawa ina jan layi.

Ya ci zaɓe ba wuya. Shekarar da ta biyo, 2005, shekarar yunwa ce, fara da ƙarancin ruwa sun gama da gero, saboda haka da bashi ya ƙi dawowa babu wanda ya yi mamaki. Alhaji ya yafe wasu, ya ɗaga wa wasu, aka yi ta sa masa albarka. Yunwar ce ta rufe mana ido. Da aka samu shekaru masu kyau a baya, sai na ga kuɗin da ke kwana a waje bai koma yadda yake a da ba.

Ranar da na gane abin, ni da yaronsa muka je wani ƙauye a kwarin Magiya wajen wani dattijo da ya ci bashin shekara biyu. Muka same shi gindin dogon-yaro, albasa jibge, ja-wur, ta sha iska, ƴan ɗinki na ɗinke bakin buhu. Motar da ke lodi ba tamu ba ce. Ya sayar wa wani kuɗi hannu. Ya sa aka kawo mana fura mai sanyi, ya tambayi lafiyar Alhaji da ta Hajiya da ta yara ɗaya bayan ɗaya. Da na buɗe kaye, wato littafin, na karanta masa abin da ke kansa, bai musa ko dala ba. Ya ce, "Gaskiya na, Mushe, ban manta ba. Amma ka gaya ma Alhaji, gidanga mutum 14 ka jefa mai ƙuri'a. Shi yi haƙuri da mu." Ba da tsiwa ya faɗa ba. Lissafi ya yi mini, irin wanda Alhaji kansa zai yi.

Da na dawo na faɗa masa, ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce, "Bar shi. Rubuta sai bayan zaɓe." Na ɗauki rula na ja layin.

Matsalar ita ce a Nijar ta wancan lokaci bayan zaɓe wani zaɓen ne. A 2009 kaɗai an yi ƙuri'ar raba gardama ta tazarcen shugaba Tandja ranar 4 ga Agusta, aka yi na ƴan majalisa a Oktoba, aka yi na ƙananan hukumomi a Disamba, kafin sojojin Salou Djibo su share duka ranar 18 ga Fabrairun 2010. Akwai kuma wani abu da ban taɓa jin masu sharhi a rediyo sun lura da shi ba, don ba su noma albasa. Dubi ranakun. A 2011 an yi zaɓe 11 ga Janairu, 31 ga Janairu da 12 ga Maris. A 2016, 21 ga Fabrairu da 20 ga Maris. Sai 13 da 27 ga Disamban 2020, da 21 ga Fabrairun 2021. Dukansu sun faɗo tsakanin dashe da tono, lokacin da kuɗin Alhaji ke cikin ƙasa, a hannun mutanen da yake zagayawa yana roƙon ƙuri'arsu. A taron kamfe yakan tsaya kan mota yana kallon fuskoki, rabinsu suna cikin littafina. Su ma sun sani. Wani ma a wurin taron zai matso ya ce esansi ya ƙare masa, albasa za ta ƙone, kuma a gaban jama'a ba a cewa babu.

Daga nan cutar ta yaɗu ta hanyar da ban zata ba. Masu taurin bashi na asali kaɗan ne, kowane ɗan kasuwa na da irinsu. Waɗanda suka ba ni tsoro masu biya ne. Mutum ya shekara 10 yana kawo buhunsa cif, sai ya ga maƙwabcinsa bai biya ba, ba a aiko babur ba, baɗi kuma an sake ba shi. To shi wawa ne? Ya fara kawo rabi. A gefe guda shugabannin jam'iyya na ƙauyuka suka fara turo sunaye, wane namu ne, a ba shi iri. Wasunsu ko garka ba su da ita, kuɗin aure suke nema. Sai kuma aka fara kai ƙararsa Tahoua cewa yana ba ƴan wata jam'iyya taki. Akwai wani manomi da albasarsa ke kai Disamba a rudu ba ta yi tsiro ba, mutum mai tsoron bashi kamar wuta, amma hular wata jam'iyya yake sawa. Aka matsa wa Alhaji har ya janye masa. Wani ɗan kasuwa daga Madawa ya ɗauke shi a mako guda. Ranar na ce, "Kawu, mun kori mai biya mun riƙe masu ci." Ya ce, "Mushe, kai lissahi ɗai ka sani."

A 2011 ya so depite. Nan ya ci karo da tsarin mulkin 25 ga Nuwamban 2010, wanda ya ce kowane jerin ƴan takarar majalisar dokoki dole kashi 75 cikin ɗari su kasance masu takardar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, ko makamanciyarta, marasa ita kada su wuce kashi 25. An sa wannan sharaɗi ne saboda ƙorafin da aka daɗe ana yi cewa majalisa ta cika da ƴan kasuwa da ba su iya karanta dokar da suke ɗaga wa hannu, kuma ba da wasa aka yi shi ba, domin an yi watsi da jerin sunayen jam'iyyu da dama a zaɓen shekarar. Ƴar ƙofar da ta rage wa marasa takarda kuwa, manyan attajirai da suka fi shi nauyi sun riga sun tsaya a bakinta. Ya ji zafin abin ƙwarai. "Masu BEPC nawa ni ka biya albashi?" Haka ya yi ta maimaitawa. Ni dai ina ganin sharaɗin na da hujja, ko da yake na ga masu digiri da suka ɗaga hannu ba su karanta ba. Aka lallashe shi da majalisar jiha, wadda a shekarar aka fara zaɓenta. Duk wannan na faruwa Abijan na cin wuta a rikicin Gbagbo da Ouattara, motoci ba su shiga, kuɗinsa na hannun matan Ajame da su ma ta kansu suke yi. Shekarar ce ya fara zuwa banki neman rance, abin da a da yake yi wa wasu gori a kai.

Majalisar jiha suna ne babba. Gwamna daga Yamai ake naɗo shi, shi ke da jandarma da ma'aikata da mota mai tuta. Majalisar kuwa a lokacin zama take yi jefi-jefi a shekara, ta tsara shirin raya jiha, ta amince da kasafin da yawancinsa jiran kuɗin gwamnati ko na masu ba da agaji yake. Konseye ba shi da albashi sai kuɗin zama. A 2016 an fitar da dokokin miƙa wa komin da jihohi ragamar fannoni huɗu, ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, amma kuɗin da za a yi aikin bai biyo takardar da sauri ba. Takardun kuma duk da Faransanci. Daren jajibirin kowane zama sai in zo da jan biro, mu baje su kan tabarma, ina karantawa ina juya masa da Hausa, ina sa alama inda ya kamata ya yi magana. Wani lokaci kafin in kai shafi na biyar ya yi barci. Sau ɗaya ya miƙe ya yi jawabi da Hausa kan asarar albasa a rudu da hanyoyin fadama da ke yankewa da damina, ya kawo lissafin buhu daga kansa, zauren ya yi tsit, aka tafa masa. An rubuta a rahoton zama. Iyakarta ke nan.

Mutumin ƙauye bai raba konseye da depite da minista ba, duk gwamnati ne. Kafin a fito sallar asuba ƙofar gida ta cika: mai takardar magani, mai suna, mai ɗan da aka tsare, wadda rufin ɗakinta ya faɗi, ɗalibin da zai koma jami'a. Aikina na farko kowace safiya neman canji ne, jika-jika da dala ɗari-ɗari, in cika masa aljihu biyu. Kafin azahar sun koma wayam. Wa'adin shekara 5 ne, amma aka yi ta ɗage zaɓen ƙananan hukumomi da na jihohi daga 2016 har 13 ga Disamban 2020. Kusan shekara 10 ƙofar nan ba ta rufu ba.

Masu cewa ai ya ci kwangila, eh, ya ci guda. Ginin azuzuwa ne, aka yi da sunan kamfanin babban ɗansa. Kuɗin ya fi shekara biyu bai fito ba, kowane tebur da takardar ta kwana sai an ajiye wani abu kafin ta tashi, ruwan banki kuma na hawa. Don a rage asara aka rage siminti. Na sani, domin ni na rubuta buhun da aka saya, ni kuma na ga buhun da aka rubuta a takardar hukuma. Na koyar a irin waɗannan azuzuwa, na san yadda daɓensu ke farfashewa a shekara ta biyu. Wannan shafin ba na son buɗe shi.

Ya kuma samu abin da ya shiga nema, kada in yi masa ƙarya. Wayarsa ta ɗaga sanda a hanya ba sau ɗaya ba. Ranar 18 ga Disamban 2017 kuma, da aka kawo bikin jamhuriya Tahoua, wanda aka yi wa laƙabi da Tahoua Sakola, gari ya sha kwalta da fitilu, aka kawo masa katin gayyata mai sunansa. Ya sa farar shadda da aka yi wata guda ana yi wa aiki, ya zauna a rumfa layi na huɗu, sojoji na wucewa. Da dare ya kira ni ɗakinsa, katin na kan gado, ya ɗaga rigarsa ya nuna mini kantar da buhu ya bar masa a kafaɗa tun Ajame. Bai ce komai a kai ba, sai ya tambaye ni ko na ci abinci. Duk lokacin da na so in ce siyasar nan asara ce zalla, sai in tuna daren.

A shekarun nan kasuwar ta tafi ta bar shi. Albasa ba ta son wakili. Alhaji na da shi ne mai danna wuyan albasa da babban yatsa ya ce wannan an tone ta da ɗanyen ganye, ba za ta kai Wagadugu ba. Yanzu yana wajen taro ko gaisuwar mutuwa ko tarbar baƙo daga Yamai, yara ke saye, direbobi na sayar da gazuwal, man tirela, a hanya. Matan Ajame da suka san shi sun tsufa, ɗiyansu da WhatsApp suke ciniki, a turo hoton buhu, a tura kuɗi ta NITA ko Al Izza a yini guda, kuma samarin ƴan kasuwa sun fi shi saurin ɗaga waya. Da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, taki da esansin da ke shigowa ta Ƙonni suka yi tsada, manoma suka buƙaci kuɗi fiye da da, shi kuma hannunsa ya riga ya yi gajere. Manoman kirki da suka rage suka koma inda ake ba su a kan lokaci.

Duk da haka a 2020 ya sake gwadawa, ya bar kujerar jiha ya nufi majalisar dokoki mai kujeru 171. Sharaɗin takarda na nan. Sai aka kawo masa dabara. A dokar lokacin, kowane ɗan takarar depite yana da mataimaki da ke hawa kujerar in shi ya bar ta, kuma depiten da aka naɗa minista dole ya bar wa mataimakinsa. Aka haɗa shi da wani matashi mai digiri, aka ce yaron na cikin waɗanda za a ɗauka in an kafa gwamnati. Yaro ya kawo takarda, Alhaji ya kawo kuɗi da jama'a. Tirela biyu ya sayar. Yaron ya ci. A Afrilun 2021, bayan an rantsar da shugaba Bazoum, aka karanta sunayen ministoci muna zaune gaban talabijin da baƙi cike da falo, an riga an sayo lemo. Aka kai ƙarshe babu sunan. Aka ce masa a jira garambawul, ko wata babbar darakta. Shekara biyu da wata uku duk daren da aka yi taron majalisar ministoci yana manne da rediyo har a gama karanta naɗe-naɗe. Mutane kuwa tuni suke ce masa depite, layin ƙofa bai ragu ba, layin littafina ma haka.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka tsare Bazoum, Janar Tiani ya karɓi mulki, aka rushe majalisa, aka dakatar da harkokin jam'iyyu. Cikin mako biyu ƙofar gidanmu ta koma ta kowa. Na fito da asuba na ga akuya kwance inda mutane ke layi. Takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya rufe iyakoki, hanyar Torodi ta riga ta zama ta tsoro, tirelar da ta rage ta yi watanni a tsaye har tayoyinta suka sace. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun komin da na jihohi aka naɗa masu riƙo. A Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun gaba ɗaya, sabon kundin da aka kafa kuma ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Da na karanta masa wannan, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Sai da anka tashi kasuwa anka ce kuɗɗina na ci."

Bayan ƴan kwanaki ya aiko a kira ni, ya ce in zo da tsofaffin littattafai. Muka zauna muka bi layin suna bayan suna. Wasu sun mutu, ya ce a shafe, ya yafe. Wasu sun tafi Libiya ko Aljeriya. Wasu sunayen ma bai san su ba, na shugabannin jam'iyya ne suka turo. Da muka zo kan dattijon Magiya mai ƙuri'a 14, ya sa yatsa a kai ya ce gobe da shi za a je.

Motar haya muka shiga har bakin hanya, daga nan kabu-kabu biyu. Rabon Alhaji da shiga garka da ƙafarsa an daɗe. Dogon-yaron na nan, dattijon ya ƙara tsufa, ɗansa ke tsaye kan masu tono. Da ya ga wanda ya sauko daga babur sai ya miƙe da sauri har sandarsa ta faɗi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, aka yi gaisuwa mai tsawo. Na buɗe kaye zan karanta, Alhaji ya ɗaga mini hannu.

"Malam, ka san abin da ya kawo ni. Yanzu babu zaɓe."

Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu, Alhaji." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce duka ba zai iya ba a bana, amma ga buhu 8 a ɗauka, saura baɗi. Ya ƙara da cewa in Alhaji zai taimaka masa da taki a Oktoba, albasarsa duka tasa ce. Na dubi Kawu, don ni na san abin da ke cikin akwati, bai kai takin mutum goma ba.

Bai amsa ba. Ya tashi ya nufi tarin, ya tattare hannun riga, ya tsuguna da ƙyar yana dafa gwiwa. Ya ɗauki ɗaya ya danna wuyanta da yatsa, ya ajiye, ya tona ƙasan tarin ya zaro wata ya shinshina. Ya kira ɗan dattijon ya ce wannan ɓangaren an shayar da shi ruwa dab da tono, ba zai yi wata biyu a rudu ba, a ware shi gefe, daga wancan tarin na gabas za a cika masa takwas ɗinsa. Yaron ya fara gardama, uban ya ce ya yi shiru ya ɗauko buhu. Alhaji ya juyo ya ce, "Mushe, buɗe sabon shafi. Ka aika a kira liman shi zo shi shaida zancen takin."